Rigimar Turawa a Bakin Kogin Kwara, da Yadda Ta Shafi Ƙasar Zazzau

Ruwan da ke sauka da damina a ƙasar Zazzau, idan ya gangara Galma ya faɗa kogin Kaduna, daga nan ya shiga Kwara daura da Fategi, ya haɗu da Binuwai a Lakwaja, to, sa'ad da ya kusanci teku ba ya shigarta ta ƙofa guda. Yakan rarrabu rassa barkatai cikin fadamu da dazuzzukan da ke tsaye cikin ruwan gishiri, kowane reshe kuwa, a daidai inda ya gamu da igiyar bahar, yakan sauke rairayin da ya ɗauko tun daga Arewa, har ya zama tudu a ƙarƙashin ruwa wanda ido ba ya gani. Babban jirgi ba shi da mashiga sai ta wata 'yar siririyar hanya da ruwa ya haƙa a tsakiyar tudun, ita kuma hanyar ba ta da alkawari, domin inda take bana ba lalle ne a same ta a nan baɗi ba.

Saboda haka ne masu jiragen ruwa suka ƙago alamomi. Akan sami ganga ta ƙarfe mai yawo a kan ruwa, a ɗaure ta da sarƙa a jikin wani nauyi da aka nutsar, a shafa mata launi da zai sanar da matuƙi ta wane gefe zai bar ta. A kan tudu kuma a gina hasumiya mai fitila saboda tafiyar dare. Kafa ganga aikin yini ne, amma riƙonta aikin har abada ne, gama tilas a riƙa auna zurfi ana sake aunawa, a matsar da ganga duk lokacin da rairayi ya matsa, a kankare tsatsa, a sauya sarƙa, a ajiye jagorori waɗanda suka san ruwan. Alamar da aka yi wa sakaci ta fi rashin alama sharri, don rashin alama yana sa matuƙi taka-tsantsan, ita kuwa alamar ƙarya da sakankancewa take kai shi ga halaka.

A nan ne siyasa ta sami mashiga. Malamanmu na fiƙihu sun san hukuncin hauzi, watau mutum ya shekara goma yana noma gona, yana gyara iyakarta, mai da'awa yana kallo bai ce uffan ba, daga baya da wuya alƙali ya saurari da'awar tasa. Daulolin Turai ma da wannan ido suke duban ganga: wanda ya daɗe yana kula da ita, yana karɓar ladan kulawar daga kowane jirgi, ya riga ya tara hujjar mallakar ƙofar kogin, ko da babu takardar da ta ba shi. A bakin kogin Danub, 'yan kasuwar Ingila da Ostiriya sun daɗe suna zargin Rasha da barin mashigar Sulina ta cushe da gangan don alkamar tashar Odesa ta yi kasuwa, har sai da aka ƙare yaƙin Kirimiya aka kafa hukumar ƙasashe a 1856 ta karɓi aikin. A Shaɗɗul Arab kuma, hanyar shiga Basra, wani kamfanin jiragen Ingila ne ya daɗe yana riƙe da gangunan, da Turkawan Santambul suka farga cewa baƙo ke nuna wa jirage hanyar gidansu, sai jayayya ta tashi, aka yi ta ja-in-ja har yarjejeniyar 1913, wadda Yaƙin Duniya na Farko ya riske ta ba a zartar ba.

Mu koma Kwara. A 1824 wani Bature matafiyi, Kilafatan, ya zauna da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a Sakkwato yana ta tambayar inda kogin ya nufa, amma sai a 1830 baransa Landa, wanda ya taɓa ratsa Zariya tare da shi, ya bi ruwan shi da ƙanensa har suka fita teku ta reshen Nun. Bayan shekara hamsin kogin ya cika da kamfanonin Ingila da na Faransa masu sayen manja. George Goldie ya haɗe na Ingila wuri ɗaya, ya karya farashi har na Faransa suka gaji suka sayar masa da kantunansu a 1884, ana gab da zaman da daulolin Turai suka yi a Balin. Ta haka wakilan Ingila suka shiga taron suna cewa ba kowa a ƙasan Kwara sai su. Takardar da aka sa wa hannu ran 26 ga Fabrairu 1885 ta ce kogin a buɗe yake ga jiragen kowace al'umma, kuma ba za a karɓi kuɗi ba sai ladan hidimar da aka yi wa zirga-zirgar jirage kanta. Sai dai, yayin da aka tanadi hukumar ƙasashe domin kogin Kwango, Ingila ta ƙi yarda a yi wa Kwara irinta, ta ce ita da kanta za ta tsare sharuɗɗan a yankinta. Wannan ƙin, a ganina, ya fi duk sauran ayoyin takardar nauyi.

A 1886 kamfanin Goldie ya sami izinin mulki daga Sarauniyar Ingila, ya zama Royal Niger Company, ya kafa kwastan a Akasa, bakin Nun. Fassarar da ya yi wa yarjejeniyar kuwa ta malamin da ya ƙware a hila ce: ruwa na kowa ne, amma gaɓa ta kamfani ce. Jirgin wancan zamani da itace yake tafiya, dole ya tsaya ya yi lodi, da ya taɓa gaɓa kuwa ya shiga hukuncin kamfani da lasisinsa da kuɗin fitonsa. Wani Bajamushe mai suna Hoenigsberg ya gwada sa'arsa a ƙasar Nufe zamanin Etsu Maliki, kamfani ya kama shi ya kore shi, maganar ta kai har tsakanin Balin da Landan. Mizon na Faransa ya haura Binuwai sau biyu daga 1890, ya ƙulla hulɗa da Sarkin Muri, ya isa Yola, a ƙarshe kamfani ya ƙwace kayansa. A 1894 wani jirgin yaƙin Faransa, Ardent, ya kutsa cikin rassan kogin ba da izini ba, sai ya kafe a kan rairayi, abin da ya nuna cewa 'yancin da aka rubuta a Balin ba shi da amfani ga wanda bai san inda zurfi yake ba.

Waɗanda aka fi zalunta kuwa ba a ko gayyace su Balin ba. Mutanen Nembe, da kakanninsu ke fatauci a waɗannan rassa tun kafin a haifi Goldie, sun wayi gari ana kiransu 'yan fasa-ƙwauri a ruwansu. A Janairu 1895 sarkinsu Koko ya tara kwale-kwalen yaƙi ya auka wa Akasa ya ragargaza ta, sojan ruwan Ingila suka rama da ƙone garin Nembe. Daga bisani yarjejeniyar 14 ga Yuni 1898 ta sasanta Ingila da Faransa, aka ba Faransa hayar 'yan filaye biyu na shekara 30, ɗaya a bakin Forkados, ɗaya a Bajibo arewa da Jaba, don ta riƙa sauke kaya. Ran 1 ga Janairu 1900 gwamnatin Ingila ta karɓi mulki daga kamfani, wakilinta Lugga ya ɗaga tuta a Lakwaja, a 1902 kuma sojansa suka shigo Zariya.

Manomin Kudan ko na Makarfi zai ce ina ruwansa da gangar da ke yawo a Forkados. To, audugarsa ce ta haɗa su. Masaƙun Lankasha suna neman auduga, aka kuma gaya musu ƙasar Zazzau da Kano sun dace da ita, saboda haka a 1907 Gwamna Girouard ya fara shimfiɗa dogo daga Baro, a gaɓar Kwara, zuwa Kano. Ƙarafan dogon da kawunan jirgin ta bakin kogi suka shigo, aka hauro da su Baro lokacin cikar ruwa, kuma dogon da ya ratsa Likoro da Gimi ya isa Kano a 1911 da nufin ya mayar da auduga ta hanyar da ya zo. Aka kafa injin gurza a Zariya, kasuwannin auduga suka bazu a ƙauyuka har yankin Ikara. Amma Kwara ba ta ɗaukar manyan jirage zuwa Baro sai 'yan watanni a shekara, gyaɗar Kano ta rinjayi auduga, aka buɗe mashigar Ikko ga manyan jirage a 1914, aka gama gadar Jaba a 1916, sai kaya suka juya Ikko. Bakin Forkados da aka yi ta husuma a kansa ya ci gaba da cushewa, har jirage suka koma shiga ta Eskirabos, inda aka gama ginin katangar tare rairayi a 1964.

Yau babu wata daula da ke jayayya da mu a kan kogin. Amanarsa tana hannun hukumar hanyoyin ruwan cikin gida da aka kafa a 1997, mai hedkwata a Lakwaja. A 2009 Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya ƙaddamar da yashe kogin daga Warri zuwa Baro, a Janairu 2019 Shugaba Buhari ya buɗe tashar Baro, amma har yanzu takin da ake zuba wa raken Makarfi da tumatirin Ikara a bayan manyan motoci yake zuwa, manomi ne kuma ke biyan kuɗin man. Yashe kogi sau ɗaya a yi biki ba ya wadatarwa, tun da kowace damina tana mayar da rairayinta. Ya kamata wakilanmu a majalisar tarayya, idan an kawo musu kasafi, su tambayi nawa aka ware domin auna zurfi da kula da alamomi kowace shekara daga Baro zuwa teku, kuma a hannun wa za a nemi bayani idan ba a yi ba.