Daga Bautar Fir'auna Zuwa Bautar Allah: Yadda Kirista Suka Fahimci Fitowar Bani Isra'ila

A unguwar Federal Low-Cost ta birnin Gombe, wadda ta samo sunanta daga gidaje masu sauƙin kuɗi da Gwamnatin Tarayya ta gina, sau da yawa katanga ɗaya ce ke tsakanin gidan Musulmi da na Kirista. Tun da aka ƙirƙiro Jihar Gombe cikin 1996 garin ya ƙara cika da ma'aikata da 'yan kasuwa, Fulani da Hausawa da Tera da Tangale da Waja da mutanen kudu. Kowace shekara kuwa, tsakanin 22 ga Maris da 25 ga Afrilu, sa'ad da zafin bazara ya kankama, Kirista sukan yi bikin Ista. A wannan lokaci maƙwabci Musulmi yakan ji sunan Musa da na Fir'auna suna tashi daga majami'u, cikin wa'azi da waƙoƙin zumuntar mata, har ya tambayi kansa abin da ya haɗa labarin Masar da bikin da ake yi domin Yesu Almasihu.

Shi dai labarin ba baƙo ba ne ga kowa. Alƙur'ani mai girma ya kawo shi a surori da dama, azumin Ashura na ranar 10 ga Muharram kuma godiya ce saboda kuɓutar Annabi Musa da mutanensa. A wajen Kirista labarin yana cikin littafi na biyu na Littafi Mai Tsarki, wanda ake kira Fitowa, mai sura 40. Ya nuna Bani Isra'ila sun zauna a Masar shekara 430, aka mai da su bayi masu kwaɓa ƙasa da buga tubali, Allah ya aiko Musa, ya saukar da annoba 10, ya raba musu teku suka haye, sa'an nan suka yi shekara 40 a jeji kafin su shiga Kan'ana.

Inda fahimtar Kirista ta ɗauki nata tafarki shi ne daren tashi. Bisa ga sura ta 12, an umurci kowane gida ya yanka ɗan rago marar lahani, ya shafa jininsa a dogaran ƙofa, domin annobar ƙarshe ta ƙetare gidan. Daga nan aka sami Idin Ƙetarewa na Yahudawa. To, littattafan Bishara sun nuna cewa a makon wannan idi ne Yesu ya ci jibi na ƙarshe da almajiransa a Urushalima, a cikinsa kuma aka gicciye shi. Musulmi ba su yarda an gicciye Annabi Isa ba, wannan kuwa bambanci ne sananne. Amma ga Kirista nan ne zuciyar al'amarin take: Manzo Bulus ya kamanta Almasihu da ragon idin, watau jininsa ne ya tsare mai bi daga hukunci. Saboda haka duk sa'ad da aka gutsuttsura gurasa aka zagaya da ƙoƙo a Jibin Ubangiji, wancan dare na Masar ake tunawa ta wata sabuwar fuska.

Haka suke bin sauran matakan tafiyar. Haye teku shi ne baftisma, gama wanda ya shiga ruwa ya fito ya bar tsohon maigidansa a wancan ƙetare. Shi ya sa a majami'un Katolika ba a barin karanta labarin raba teku a daren jajibirin Ista, a daren ne kuma ake yi wa sababbin masu bi baftisma. Manna da ta sauka a jeji ita ce ciyarwar Allah ta yau da gobe. Jejin shi ne zaman duniya da gwaje-gwajensa, Kan'ana kuwa hutun da aka alkawarta. Fir'auna shi kansa, a wannan karatu, sura ce ta zunubi da mutuwa, waɗanda ke riƙe da mutum har ya kasa ƙwatar kansa.

Mai jin Hausa yana da wata fa'ida a nan, domin kalma ɗaya ce, bauta, take ɗauke da wahalar bawa da kuma ibadar mai sujada. Abin da Musa ya nema wajen Fir'auna shi ne ya saki jama'ar su je su bauta wa Allah, da suka fita kuma Dutsen Sina'i aka nufa da su, inda aka ba su Dokoki Goma. Watau 'yancin da ake nufi canjin ubangiji ne: an ƙwace su daga hannun azzalumi aka mai da su ga Mahaliccinsu. Haka nan kalmar fansa. A ƙasar Hausa ta dā bawa yakan biya murgu ga ubangijinsa don ya sami damar yin sana'ar kansa, ya tara abin fansar wuyansa, ko kuwa dangi su zo su fanshe shi. Da Kirista suka kira Yesu Mai Fansa, wannan hoto ne kakanni suka gani, sai dai a koyarwarsu bawan ba shi da abin biya, wani ne ya biya dominsa.

Tarihin shigar littafin cikin Hausa ma yana da alaƙa da bauta. Wani yaro Bahaushe, Dorugu, daga ƙasar Damagaram, an kama shi an sayar har ya kai Kukawa ta Barno, inda matafiyin nan Bajamushe, Adolf Overweg, ya 'yanta shi. Bayan rasuwar Overweg sai Heinrich Barth ya tafi da shi Ingila cikin 1855. A can ya zauna da wani mai bishara, J. F. Schön, wanda ya ƙara zurfafa Hausarsa daga bakin yaron, ya kuma buga fassarar Fitowa a Landan cikin 1859. Ashe labarin 'yantar da bayi ya fara sa rigar Hausa ne da taimakon 'yantaccen bawa. Cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa bai fito ba sai 1932, aikin da Likita Miller na Zariya ya jagoranta.

Kafin nan bishara ta riga ta iso kudancin Gombe. Cikin 1917 John Hall da Gordon Beacham na mishan ɗin SIM suka sauka a Kaltungo, daga aikin wannan mishan kuma aka kafa ikkilisiyar ECWA cikin 1954. Mutanen da suka tarar suna zaune a duwatsu, ba su manta da zamanin hare-haren masu kamun bayi ba. Dokar Gwamna Lugga ta 1901 ta 'yanta 'ya'yan da za a haifa daga wannan shekara ne, ba a soke bauta ɗungum a Arewa ba sai 1936. Ga irin waɗannan masu sauraro, labarin Allah mai jin kukan bawa bai bukaci dogon sharhi ba.

Masu bayi a wasu ƙasashe sun gane ƙarfin labarin. Cikin 1807 an buga wani taƙaitaccen Littafi Mai Tsarki a Landan domin bayin tsibiran Karebiyan, aka cire labarin fita daga Masar, aka bar Dokoki Goma. A Amurka kuwa baƙaƙen fata sun yi wa Harriet Tubman laƙabi da Musa saboda bayin da ta tserar, Martin Luther King kuma, a jawabinsa na ƙarshe cikin Afrilun 1968, ya kamanta kansa da Musa da ya hango ƙasar alkawari daga kan dutse bai shiga ba.

Amma labarin yana da ɗaya gefen da ke auna mai bi. Attaura ta sha tuna wa Bani Isra'ila cewa su ma bayi ne a Masar, saboda haka kada su zalunci baƙo, kada su danne haƙƙin maraya da gwauruwa, kada lebura ya kwana ba a ba shi ladansa ba, bawa ma ya huta ranar hutu. Hukuncin nan ya shafi zaman unguwa kai tsaye: yarinyar da aka ɗauko daga ƙauye aikatau aka hana ta makaranta, da birkilan da ya gama gini yana ta sintirin neman kuɗinsa, da ɗan haya baƙo da ake yi wa ƙarin kuɗi don ba shi da mai tsaya masa. Bisa koyarwar Kirista, wanda aka fansa kyauta ba shi da hujjar zama Fir'auna a gidansa. A kan wannan kuwa shi da maƙwabcinsa mai azumin Ashura ba su da gardama.