Ƙaho a Ƙeya da Sauran Maganganu Kan Jarabar Intanet

Jarabar intanet ita ce matashi ya kasa ajiye waya ko kwamfuta har abin ya ci karatunsa da barcinsa da zamansa da mutane. Ana yawan cewa likitoci sun riga sun ayyana ta a matsayin cuta, amma ba haka ba ne. Abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka a kundin cututtukanta, wanda ya fara aiki a 2022, shi ne jarabar wasannin bidiyo, ita ma sai ta kai kimanin wata 12 tana dagula rayuwar mutum.

Maganar da ta fi tayar da hankalin iyaye ita ce ta ƙaho. A 2019 jaridu suka yaɗa cewa waya na sa ƙaho ya tsiro wa matasa a ƙeya. Tushenta binciken David Shahar da Mark Sayers ne na ƙasar Ostireliya, wanda ya fito a 2018, inda suka duba hotunan ƙashin kai na mutum 1,200. Abin da suka gani ɗan tudun ƙashi ne da mutum zai iya lalubawa a ƙeyarsa da yatsa, ya ɗan fi tsawo a wasu. Ba su auna awa nawa kowa ke yi a waya ba, kuma daga baya aka yi wa binciken gyara. Don haka maganar ƙahon ba ta da hujja.

Batun nauyin kai kuwa da ƙamshin gaskiya. Kan baligi ya kai wajen kilo 5, kuma sunkuyar da shi na ƙara wa wuya aiki. Kilo 27 ɗin da ake cewa wuya na ɗauka idan an sunkuya kan waya ya fito ne daga lissafin kwamfuta da likita Kenneth Hansraj ya yi a 2014, ba a jikin mutane aka gwada ba. Wani bincike a Brazil a 2018, kan matasa 150, bai sami alaƙa tsakanin sunkuyon waya da ciwon wuya ba. Haka kuma karkacewar ƙashin baya da kan bayyana lokacin balaga ba salon zama ke kawo ta ba.

Inda matsalar take da gaske shi ne daɗewa wuri guda. Yaron da ya shagala kan kwanta rigingine, waya a saman fuskarsa, ƙafa ta mutu masa, fitsari ya matse shi, tuwo ya huce a gefensa, duk bai ankara ba. Wannan rashin sauraron jiki ne ya kamata iyaye su sa wa ido, tare da raba dare da ƙarancin motsi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 81 cikin 100 na 'yan shekara 11 zuwa 17 ba sa samun motsa jiki na minti 60 a rana, wanda shi ne ake so.

Ciwon wuyan da gajiya ta kawo yakan lafa da tashi da miƙa da barci isasshe. Idan ya zo da mutuwar hannu, ko aka ga kafaɗa ɗaya ta fi ɗaya tudu, sai a kai yaron asibiti a duba shi.