Bororo a Bayan Hannun Matasa: Yadda Ake Gane Asalinsa

Gabatarwa

A ƙasar Roni da sauran garuruwan masarautar Kazaure, bororo a tafin hannu ba baƙon abu ba ne ga matashin da ya yini riƙe da fartanya. Amma akwai wani bororon da ke fitowa a bayan hannu, fata ta yi rauni har ɗan gugar ƙofa ya sale ta, ta warke da tabo. Manufar wannan ɗan bayani ita ce nuna yadda likitoci ke bambance cututtuka uku masu kawo shi.

Cututtukan

Ta farko ita ce fofiriya. Asalinta daga hanta yake, inda wani sinadari, watau fofirin, ke taruwa, ya bi jini ya isa fata, hasken rana kuma ya mayar da shi guba. Giya, da yawan sinadarin ƙarfe a jiki, da ƙwayar ciwon hanta nau'in C suna tayar da ita. An fi ganinta ga manya, amma tsakanin 1955 da 1959 ta kama fiye da mutum 3,000 a Turkiyya, yawancinsu yara da matasa, saboda sun ci alkamar shuka da aka barbaɗa wa maganin funfuna.

Ta biyu bororon gado ce. Takan fara tun jariri yana tsumma, a duk inda aka goga, ko rana ta taɓa wurin ko ba ta taɓa ba. Wasu ire-irenta sun fi yawa inda ake auren zumunci.

Ta uku kama kawai take yi da fofiriya. Wasu magungunan ciwon gaɓoɓi, kamar nafuroksin, ke jawo ta.

Hanyar ganewa

Likita kan tambayi shekarun da ciwon ya soma, da magungunan da ake sha, da ko akwai mai irinsa a dangi. Sa'an nan ya auna fitsari. Na mai fofiriya yakan yi duhu kamar shayi, ya yi ja a ƙarƙashin wata fitila ta musamman. Na sauran biyun ba ya yin haka.

Kammalawa

Ganewa tana gaba da magani. Ana warkar da fofiriya da rage jini ko da kulorakwin ɗan kaɗan, amma shan shi da yawa kamar na zazzaɓin cizon sauro yana iya yi wa hantar mai ciwon lahani. Saboda haka mai irin wannan bororo ya fara da Babban Asibitin Kazaure, irin shuka mai magani kuwa kada ya shiga tukunya.