Yadda Ake Zaɓar Hotunan Jiragen Yaƙi da Ambaton Masu Su a Littafin Wasan Yaƙin Ruwa

Wasan yaƙin ruwa wasa ne da ake jera jiragen yaƙi a kan taswira, a tebur ko a kwamfuta, a kara su bisa dokoki. Ya daɗe a duniya, domin Fred T. Jane, wanda ya fara fitar da littafin da aka sani yau da Jane's Fighting Ships a 1898, shi ma ya ƙirƙiro nasa. Idan kana haɗa ƙarin littafi mai bayanan jirage don irin wannan wasa, hotuna ne za su fi cin lokacinka, kuma a nan aka fi yin kuskure.

Hoto ya dace da shekara

Jirgi ɗaya kan sauya kama. Japan ta nutsar da USS West Virginia a Pearl Harbor ranar 7 ga Disamba 1941, aka tsamo shi aka sake gina shi. Kafin harin bututun hayaƙinsa biyu ne, da ya dawo a 1944 ɗaya ne, ga radar da ƙarin bindigogin kakkaɓo jirgin sama. Idan babinka na yaƙin mashigin Surigao ne na Oktoban 1944 ka sa hoton 1941, masu wasa za su gane nan take.

Don ƙananan katuna, zanen gefe ya fi hoto, domin yana nuna jerin bindigogi sarai. Ka guji hotunan ƙirƙirarriyar basira, sukan ƙara wa jirgi bindigar da babu ita. Don bugawa kuwa, nemi ɗigo 300 a kowane inci: hoto mai faɗin santimita 10 yana buƙatar fiksel kusan 1,180.

Duba lasisi kafin saukewa

Hoton da ma'aikacin gwamnatin tarayyar Amurka ya ɗauka a bakin aiki ba shi da haƙƙin mallaka a ƙasar, don haka hotunan sojan ruwanta sun fi sauƙin amfani. Na Jamus daban ne. Hotunan da ma'ajiyar Bundesarchiv ta bai wa Wikimedia Commons a 2008, ciki har da na jirgin Bismarck, suna ƙarƙashin CC BY-SA 3.0: dole ka ambaci mai su, kuma in ka gyara hoto, gyararren ya fita da lasisin nan. Duk lasisin da ka ga NC a jikinsa ya hana kasuwanci, don haka in za ka sayar da littafin, bar shi.

Yadda ake ambato

Abu huɗu ake rubutawa: sunan hoto ko lambarsa, wanda ya ɗauka ko ya zana, inda aka samo, da lasisi. In ka yanke hoton ko ka sa masa launi, ka faɗa. "Daga Google" ba ambato ba ne.

Shawarata, buɗe fayil ɗin CSV tun daga hoton farko, kowane hoto da layinsa, har da shekarar da aka ɗauke shi. Ranar bugawa, shafin ambato ya riga ya kammala.