Yadda ake zaɓen adireshin maltikas ga cibiyar adana bayanai

Duk injiniyan da zai shimfiɗa hanyar sadarwa a sabuwar cibiyar adana bayanai yakan tarar da wani gurbi da ake so ya cike tun a ranar farko: zangon adireshin maltikas. Da yawa sukan bar lambar da na'ura ta zo da ita su wuce. Sai dai lamba ce da sauya ta bayan an ɗora sabobin banki ko na kamfanin waya a kanta yake nufin taɓa kusan kowace na'ura a cibiyar.

Maltikas hanya ce ta aika saƙo guda ɗaya zuwa ga rukunin na'urorin da suka nemi a ba su shi, ba ga kowa da kowa ba. Manyan cibiyoyi suna buƙatarsa ne saboda fasahar VXLAN, wadda aka wallafa ƙa'idarta a 2014. Tsohon tsarin VLAN bai wuce ɓangarori 4,094 ba, ita kuwa VXLAN tana raba hanyar sadarwa zuwa ɓangarori fiye da miliyan 16. Idan wata saba ta yi cigiyar 'yar'uwarta a ɓangare ɗaya, dole cigiyar ta isa ga duk na'urar rarraba saƙo da ke ɗauke da wannan ɓangare, kuma a cibiyoyi da yawa rukunin maltikas ne ke kai ta.

A tsarin IPv4, adireshin maltikas ya fara daga 224.0.0.0 ya tsaya a 239.255.255.255. Fili ne mai faɗi, amma akasarinsa da mai shi. Adireshi 256 na farko na na'urori ne su yi magana a tsakaninsu: OSPF yana amfani da 224.0.0.5 da 224.0.0.6, PIM kuma 224.0.0.13. An ware duk abin da ya fara da 232 domin maltikas mai sanannen tushe. Wanda aka bar wa kowace hukuma ko kamfani ya yi amfani da shi a cikin gidansa shi ne mai farawa da 239, bisa ƙa'idar RFC 2365 ta 1998. A cikinsa ma an keɓe 239.192.0.0 zuwa 239.195.255.255, adireshi 262,144, domin amfanin ma'aikata guda. A ganina nan ya fi dacewa a fara dubawa.

Tarkon da ya fi kama mutane yana ƙasa da wannan mataki. Kafin saƙon maltikas ya bi ta waya, sai an mayar da adireshinsa zuwa adireshin MAC mai farawa da 01:00:5E. Lambar rukuni tana da bit 28, amma gurbin da ke akwai 23 kacal yake ɗauka. Bit biyar kan salwanta, don haka adireshi 32 daban-daban sukan faɗa kan MAC ɗaya. Misali, 239.1.1.1 da 239.129.1.1 abu ɗaya ne a wajen na'urar da MAC kawai take dubawa.

Abin ya fi muni ga wanda ya ga 239.0.0.1 ya yi kyau a ido ya fara ƙirga daga nan. Duk adireshin da ya fara da 239.0.0 ko 239.128.0 yana da MAC iri ɗaya da na 224.0.0, kuma na'urori da dama an gina su ne su watsa irin wannan saƙo ta kowace ƙofa ba tare da tantance wanda ya nema ba. Ke nan saƙon da aka nufa ga sabobi goma zai iya mamaye dukan ɓangaren. Haka kuma ya kamata a nisanci ƙarshen zangon 239.255, domin a 239.255.255.250 ne firintoci da kwamfutoci ke sanar da kansu ta SSDP.

Ba kowane kamfani ne ke bin 239 ba. Tsarin ACI na Cisco yana zuwa da 225.0.0.0/15, adireshi 131,072, daga yankin da IANA ta ajiye ba ta raba ba. Hakan ba ya cutarwa muddin saƙon na cikin gida ne. Matsalar takan taso ne ranar da aka haɗa cibiyoyi biyu, ko kamfani ya sayi wani, aka tarar kowanne ya bar lambar da ya samu, kuma hanyar da ke tsakaninsu tana ɗauke da maltikas na wasu manhajoji a zango ɗaya. Shi ya sa ake so a ba kowace cibiya yankinta tun a takarda, a kuma raba na ƙashin bayan hanyar sadarwa da na manhajojin abokan hulɗa.

Sauran batun shi ne yawa. Ba kowane ɓangare rukuninsa yana hana saƙo zuwa inda ba a buƙatarsa, amma kowane rukuni yana cin gurbi a ƙwaƙwalwar na'ura, gurbin kuma yana da iyaka. Mafi yawan injiniyoyi sukan haɗa ɓangarorin abokin hulɗa ɗaya a rukuni ɗaya. Ƙaramar cibiya mai na'urori kaɗan kuwa tana iya yin watsi da maltikas gaba ɗaya, ta bar na'urar da saƙo ya shigo ta cikinta ta kwafa shi ta aika wa kowace takwararta kai tsaye, kodayake nauyin kwafin yana ƙaruwa da ƙaruwar na'urorin.