Ko Ka San Akwai Halittar da Ke Numfashi da Waya a Cikin Taɓo?

Duk wanda ya taɓa dashen shinkafa a Damri, ko a filayen noman rani na madatsar ruwan Bakolori, ya san wannan: idan ka luma hannu cikin taɓo, samansa ja-ja ne kamar tsatsa, can ƙasa kuwa toka-toka ne mai ratsin shuɗi. Wannan sauyin launi aikin bakteriya ne, ƙananan halittun da ido ba ya gani.

Idan ruwa ya kwanta a gona, iska ba ta kaiwa cikin ƙasa. To, da me bakteriyar za su yi numfashi? Wani jinsi mai suna Geobacter sai ya koma ga tsatsar ƙarfen da ke cikin ƙasar. Yakan ci ragowar ruɓaɓɓen ganye da saiwa, ya miƙa wasu zaruruwa na furotin waɗanda silin gashin kai ya fi su kauri fiye da sau 10,000, ya tura lantarki ta cikinsu zuwa ga tsatsar. Daga nan sai tsatsar ta rikiɗe, jan ya gushe.

Masanin Amurka Derek Lovley ne ya gano wannan halitta a 1987, a taɓon kogin Potomac. A 2005 shi da abokan aikinsa na Jami'ar Massachusetts suka bayyana labarin waɗannan zaruruwa, wato wayoyin. A 2010 suka juya al'amarin: suka shayar da wata bakteriya mai suna Sporomusa ovata wutar lantarki da iskar kabon, ita kuma ta haɗa sinadarin asetet, ɗan'uwan tsamin da ke cikin ruwan khal, wanda masana'antu ke buƙata. A 2020 aka gyara ƙwayoyin gadon bakteriyar E. coli ta riƙa saƙa wayoyin da yawa, aka kuma ƙera wata na'ura da ke tatso 'yar wuta daga laimar iska da su. A Japan ma an binne kabon a gonar shinkafa, bakteriya suka tura masa lantarki, wuta ta fito.

Wutar ƙarama ce tukuna, amma da rarrafe yaro kan tashi. Mu da Allah Ya hore wa rana da fadama, bai kamata mu tsaya kallo ba. Ɗaliban kimiyya na Kwalejin Abdu Gusau da ke Talata Mafara, ga taɓo nan a ƙofar gida. Ku ɗebo shi, ku bincika.