Jar Kwalba da Jan Kofi: Abin da Ya Kamata Ku Sani Game da Merlot da Zoɓo

A wajen biki ko walimar Sallah a Daura, yanzu ba baƙon abu ba ne a ga dogayen kwalabe masu duhu jere a kan tebur, an naɗe musu wuya da takarda mai ƙyalli, yara na kiransu wayin. Yawancinsu ruwan inabi ne da sukari da gas, ba sa sa maye. Sai dai akwai wadda kan ɓullo cikin kwandon kyauta daga Legas ko Abuja, tsarabar abokin aikin da bai san hali ba, an rubuta Merlot ɓaro-ɓaro a gabanta. Wannan giya ce. Siffar kwalbar ɗaya, launin ɗaya, shi ya sa ake ruɗewa.

Merlot sunan irin inabi ne, kamar yadda muke da kaura da farfara a dawa. Asalinsa yankin Bodo ne a kudu maso yammacin Faransa, an kuma samo sunan daga wani baƙin tsuntsu na can. Tun 1784 aka fara ganin sunan a rubuce, yau kuwa babu inabin da ake nomawa a Faransa da ya kai shi yawa. Ana murje 'ya'yan, a bar ruwan da ɓawonsa kwanaki har yis ya cinye zaƙin ya mayar da shi barasa. A ɓawon nan jan launi yake, a nan kuma baurinsa yake. Barasar da ke cikin kwalbar takan kai kashi 13 zuwa 14 da ɗoriya cikin 100, alhali giyar kwalba da aka fi sani ba ta cika wuce kashi 5 ba. Akwai mai tsada, akwai mai araha daga ƙasashe irin su Chile da Afirka ta Kudu, amma arahar ba ta rage mata ƙarfi.

Hukuncinta ba sai an tsaya dogon bayani ba: aya ta 90 a Suratul Ma'ida ta gama magana, Jihar Katsina kuma tana cikin jihohin da suka koma tafarkin Shari'a a shekarar 2000. Abin da ya rage wa mai gida shi ne ya iya duba kwalba. A juya ta, a nemi lambar da ke manne da alamar %. In an ga 12 ko 13.5, a ajiye. In an ga 0.0, babu barasa a ciki. Akwai kuma ta tsakiya, wadda giya ce tun farko aka zare mata barasa, takan rage da ɗan abin da bai wuce 0.5 ba, wannan malamai sun yi saɓani a kanta, mai shakka ya tambayi malaminsa.

Amma akwai abu ɗaya da masu wancan abin sha suka fi mu, ni a ganina: ba sa kwankwaɗa. Sukan ɗaga kofi su dubi launi, su shinshina, su kurɓi kaɗan su riƙe a baki, sannan su faɗi abin da suka ji. Mu kuwa muna da namu jan abin sha, halastacce, wanda ake nomawa a bayan gida, amma mun mayar da shi ruwan kashe ƙishi a ƙullin leda.

Zoɓo, ko soɓorodo, daga yakuwa yake fitowa. Mutane da yawa na cewa fure ne, alhali ba furen ba ne. Ƙoƙon da ke rungume da ƙwallon iri ne, wanda ke kumbura ya yi ja bayan furen ya kaɗe. Shuka ce mai haƙuri da jigawa da ƙarancin ruwa, shi ya sa ta samu gida a ƙasar Daura, daga Sandamu da Mai'aduwa har Zango da Baure, da ƙetaren iyaka a Nijar. Sau da yawa a gefen gonar gero ko gyaɗa ake jera ta, ta zama shaidar iyaka. Ganyen ya shiga miya da fate, gurguzu ya zama daddawar batso, farin zoɓo ya tafi tukunyar miya, jan kuma ya jira kaka a ɓare shi a shanya. Abin da mata ke aunawa da kwano a kasuwar ƙauye shi ne dillalai ke tarawa buhu-buhu, a bi da shi ta Maigatari da Kano zuwa tashar jirgin ruwa. Babbar mai sayensa Meziko ce, inda suke shansa da ƙanƙara kamar mu. A Senegal sunansa bisab, a Masar da Sudan karkade, a Gana sobolo.

To, ga yadda ake ɗanɗana shi. A fara da ido, a kofin gilashi, ba na roba ba. Zoɓon bana da aka shanya a wuri mai tsabta yakan ba da ja mai zurfi, garai-garai. In ya koma ruwan ƙasa, ko ya kwana biyu a ajiye ko an dafa shi ya wuce misali. Sinadarin da ke rina shi dangin wanda ke cikin ɓawon jan inabi ne, yana kuma sauya kala gwargwadon tsami. Ku gwada a gida: ɗigon lemun tsami zai sa ya yi ja wur, 'yar ƙwayar kanwa kuma ta mayar da shi baƙi-baƙi mai shuɗi. Masu sa kanwa don kashe tsami suna rage kuɗin sukari, amma suna kashe rabin daɗin.

Sai hanci. Kafin a sa komai, zoɓo na da ƙamshinsa, mai kama da na 'ya'yan itace da aka shanya. Citta da kanumfari da ɓawon abarba rakiya suka zo yi. Kanumfari musamman ba ya da kunya, guda biyar sun isa tukunya, in aka zuba da hannu sake shi kaɗai za a ji. Filebon kwalba kuwa, wanda ya zama yayi, yakan sa zoɓon Daura da na Fatakwal su zama abu guda.

A baki abubuwa uku ne ke kokawa: tsami a gefen harshe, zaƙi a gaba, sai bauri, wato ɗaurewar nan da ke busar da dasashi kamar an tauna goro. Baurin nan shi ne abin da mashaya Merlot ke yabo idan ya zo da laushi, kuma zoɓo na da shi daidai gwargwado. Doguwar dahuwa ke sa ya yi yawa. Wanda ya ɗauraye zoɓonsa da sauri don fitar da yashi, ya zuba masa tafasasshen ruwa ya rufe, ko ya jiƙa shi da ruwan sanyi ya kwana, zai sami abin da ba ya buƙatar sukari mai yawa. Mazarƙwaila ko dabino sun fi farin sukari dacewa da shi, don suna kawo nasu ƙamshin. Kada kuma a cika ƙanƙara. Sanyi mai tsanani yana kulle harshe. Da tsire ko balangu a gefe, tsamin ke wanke maiƙon baki, kowace loma ta dawo sabuwa.

Batun hawan jini da ake yawan faɗa yana da tushe. Wani bincike na Jami'ar Tufts a Amurka da aka wallafa a 2010 ya ba mutane kofi uku a rana tsawon mako shida, jininsu ya ɗan sauka. Ɗan sauƙi ne, ba madadin maganin asibiti ba, kuma ba zoɓon da aka narka wa gwangwanin sukari ake nufi ba. Mai juna biyu da mai shan maganin hawan jini su tuntuɓi likita kafin su mayar da shi na kullum.

Akwai wurin da kofin zoɓo da kwalbar Merlot ke iya haɗuwa ba da niyya ba. Duk ruwan da ke da zaƙi, in ya zauna cikin zafi, yis ɗin da ke yawo a iska zai fara masa aikin da yake yi wa inabi. Ya zo a Sahihu Muslim cewa ana jiƙa wa Manzon Allah (SAW) zabibi, ya sha har yammacin rana ta uku, abin da ya saura ba ya ƙara kwana. A zafin Daura na watan Afrilu, ga wuta ba tabbas, zoɓo mai sukari da abarba ba ya ma kai haka. In gorar ta kumbura, murfin ya yi tsaki da aka murɗa, kumfa ta taso, a zubar a jiƙa wani.